Ramin da Ya Ɓuya Mini Daren Sha Huɗu

Ni ne mutumin da ya tara dattawan unguwa guda, ya sa suka bar shayinsu yana hucewa, don ya nuna musu rami a jikin wata, ramin kuma ya ƙi fitowa. Wautar tawa ce ni kaɗai, ba wanda ya taya ni. Gara in faɗe ta da bakina kafin taubashina ya riga ni, don shi in ya ɗauki labari sai ya zuba masa gishirin da ba zai ciwu ba.

Sana'ata haƙar rijiya ce, ko in ce ita ce a da, kafin gwiwa ta ce ta gaji, masu injin burtsatse kuma su ƙarasa abin da ya rage. Daga cikin Wudil har Achika da Kausani, akwai gidajen da har gobe ruwan hannuna suke sha. Boko kuwa, ajin yaƙi da jahilci na leƙa na fito da abin da zai ishe ni karanta allon mota. Abin da Allah ya hore mini shi ne baki. A majalisarmu ta ƙofar masallaci, inda muke zama tsakanin magariba da lisha kusa da teburin mai shayi, ni ne mai labari, kuma wurin zamana sananne ne, jikin ginshiƙi, inda ake jingina baya. Na taɓa gaya musu na haƙa wata rijiya a Darki har na jiyo carar zakarun mutanen ƙarƙashin ƙasa. Na ce musu na kama kifi a gindin gada wanda sai da aka kira mahauta suka feɗe shi. Ana dariya, a tashi. Ba wanda ya taɓa asarar ko allura a kan labarina. Sai dai abin ya jawo mini, ko cewa na yi ana ruwa, sai wani ya miƙa hannu waje ya tabbatar.

Wata shekara wani malamin jami'ar garinmu ya kama hayar gidan da ke jikin nawa. Yaro ne a wurina, sa'an babban ɗana, mai ladabi, ga shi Bazazzagi. Kun san tsakaninmu Kanawa da Zagezagi, ba a rabuwa sai an taɓa juna. In na ce masa, "Bawana, an tashi lafiya?" sai ya durƙusa ya gaishe ni sosai, ya tambayi iyali da gajiya da gwiwa, sa'annan ya ɗago ya ce, "Baba, yau me za a sayar mana? Na san Bakano ba ya gaisuwar banza."

Ranar da abin ya fara, kaka ce, ruwa ya ɗauke, sama fes, wata yana da kwana bakwai. Na dawo daga sallar magariba zan ɗauki tocila a gida, sai na gan shi a filin ƙofar gida ya kafa wani farin bututu mai kauri a kan ƙafafu uku, ya sunkuya ya manna ido a gefensa.

Na ce, "Bazazzagi, bindiga ka saya za ka harbo mana wata?"

Ya ce, "Madubin hangen nesa ne, Baba. Zo ka gani, ba a biya."

Na sa ido. Da farko girar idona kawai nake gani. Ya ce in rufe ɗaya idon da hannu, in daina riƙe bututun kamar zai gudu. Sai kawai abin ya buɗe.

Ni dai na girma ina ɗaukar wata a matsayin faifai mai sumul da 'yan tabo-tabo. Abin da na gani ƙasa ce. Ƙasa sosai, mai tudu da kwari, toka-toka, duk ta sha ramuka kamar bakin kogi bayan masu ɗibar yashi sun tashi. Rabin watan haske, rabi duhu, kuma a daidai iyakar da suka haɗu nan ne komai ya fi fitowa. Ya yi ta nuna mini manya-manyan, amma idona ya tsaya a kan wani ɗan ƙarami da ke zaune shi kaɗai a tsakiyar wani shimfiɗaɗɗen fili mai duhu-duhu.

Na haƙa ramuka a rayuwata, na san aiki in na gan shi. Wannan zagayayye ne cas, ba lanƙwasa, kamar an kifa ƙoƙo an zana. Bakinsa ya ɗan tashi sama da filin, mai kaifi, babu inda ya zube. Bangon ciki ya gangara sumul kamar cikin akushi, ɓangaren da rana ta haska fari tas, ɗaya ɓangaren kuma inuwa ta cika shi baƙi ƙirin, har ba ka ganin gindinsa. Daga waje, kewaye da bakin, ƙasar ta ɗan fi sauran filin haske, irin yadda ƙasar da muka fitar take kwanciya a gefen sabuwar rijiya.

Na ce, "Wa ya haƙa wannan?"

Ya yi dariya ya ce ba haƙawa aka yi ba, dutse ne ya faɗo daga sararin sama da gudun da hankali ba zai ɗauka ba, ya daki ƙasar ya fashe, ya watsar da ita gefe. Na tambayi girmansa. Ya ce cikin ƙanana yake, amma in mutum zai ratsa daga wannan baki zuwa wancan, zai yi kamar tafiyar da ke tsakanin nan da Darki.

Na ce, "Wannan ne ƙaramin?"

Na manta da tocilar. Na koma majalisa ina haki, na zauna jikin ginshiƙina, na zayyana musu komai, ban ƙara ko ƙwayar gero ba. A rayuwata ban taɓa ba da labari tsirara haka ba.

Taubashina ɗan gwaggona ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando nake kiransa bawana, shi kuma yake ce mini ɓarawon tuwon uwarsa. Dillalin shanu ne a kara, siriri, mai ɗan gemu kamar na bunsuru. Ya bari sai da na kai aya, ya kurɓi shayi, ya ce, "To madalla. Kai ka haƙa ta, ko yasa kawai aka kira ka?"

Majalisa ta tuntsure. Ladan yana dariya har yana share hawaye da bakin rawani. Na rantse, suka ƙara dariya, don sun san rantsuwata. Kafin Juma'a ta zagayo suna ya bi gari. Na shiga kasuwa sayen igiya, wani mai rake da ban ma san shi ba ya ɗaga murya, "Sarkin rijiyar wata, ruwan can da daɗi kuwa?"

Shekaru ina musu ƙarya suna tafa mini, ban taɓa jin komai ba. Wannan karon abin ya tsaya mini a wuya. Mai ɗakina ta lura na rage cin tuwo, ta ce, "Malam, ka bar su mana. Yau ka fara?" Na ce yau na fara gaskiya, kuma sai sun gani da idonsu.

Na je wa Bazazzagi na ce zan kawo masa baƙi daren sha huɗu. Ai kowa ya san daren sha huɗu. Shi ne daren da wata yake cika, yara su fita dandali, mace ta iya tsince tsakuwa a shinkafa a tsakar gida ba fitila. In a rabin wata na ga ramin haka, ina ga ya cika?

Ya ce, "Baba, da dai ka bari sai..."

Na ce, "Sai me? Tun kafin a yi maka askin suna nake kallon wata."

"Ba haka ba ne, Baba. Ranar sha huɗu hasken..."

"Hasken ai shi nake so. Bazazzagi zai koya wa Bakano wata? Kai dai goge gilashinka."

Ya dube ni, ya danne wata dariya, ya ce, "To. Bakano ya fi ni sani." Ga Allah ga Annabi yaron nan sau biyu ya buɗe baki, sau biyu na rufe masa.

Daren sha huɗu suka zo, ladan, mai shayi da ya bar tukunya a kan wuta, da sauran dattawa, taubashina a gaba yana dogara sandarsa ta dillalai. Na sa babbar riga. Wata ya taso ta wajen gabas, ƙato, ja-ja, ya ɗaga ya yi fari. Malamin ya saita madubin ya ja baya. Na ce bari in fara dubawa in nuna musu hanya.

Haske ya soke mini ido kamar an haska ni da fitilar mota. Da hawayen ya tsaya na duba, sai na ga faifan nan nawa na da, sumul, fari da toka-toka. Babu tudu, babu kwari. Na nemi ramina sama da ƙasa. Na raɗa wa malamin, "Ina ka kai shi?" Ya ɗan juya wani ƙarfe ya ce, "Ga shi nan tsakiya, Baba." Wani ɗan farin ɗigo ne, ko ƙwayar wake ta fi shi fasali.

Taubashina ya ture ni ya sa ido. Ya daɗe. Ya ɗago, ya zaga gaban bututun, ya leƙa, ya kama hannun rigarsa zai goge, malamin ya yi wuf ya tare shi.

Taubashina ya ce, "Ɗana, bari in taimake ka. Kashin tsuntsu ne a gilashinka, shi wannan tsohon ya gani ya ce rijiya."

Ɗaya bayan ɗaya suka duba, kowa ya ɗago yana murza ido. Malamin ya fara bayani, amma wa zai saurare shi, ana ta dariya? Nan take a ƙofar gidana aka yanke hukunci. Ginshiƙi ya koma hannun taubashina, ni kuma in koma bakin tabarma wajen takalma, kuma ba ni ba labari a majalisa. Ladan ya ce, "Har sai ka kawo guga daga can."

Da suka watse na tsaya da babbar rigata kamar angon da aka fasa ɗaurin aurensa. Malamin ya shiga gida ya fito da ƙoƙo da tocila. Ya ajiye ƙoƙon a ƙasa, ya haska shi daga sama tsaye. Ya ce, "Baba, me ka gani?" Na ce farin abu zagayayye. Ya sauke tocilar ƙasa-ƙasa ya haska daga gefe. Nan da nan inuwa ta kwanta a ciki, bakin ya fito, zurfin ya bayyana.

Ya ce, "Inuwa ce take nuna rami. Daren sha huɗu rana tana tsakiyar kansa, ba inuwa. Wancan daren kuwa hantsi ne a can."

Na zauna a kan dakali. Ni da na shekara talatin da wani abu a cikin rami, na san lokacin da rana ke leƙo gindin rijiya ta kore duhu, na san da safe ko ɗan gurbin kofaton jaki ana hango shi daga nesa, da tsakar rana kuwa sai ka faɗa kwalbati ba ka gani ba. Duk na sani. Ban dai taɓa zaton wata ma yana da hantsi da azahar ba.

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Bazazzagi zai koya wa Bakano wata?"

Na ɗaga takalmi, ya gudu cikin gida yana dariya.

Zaman wajen takalma ba daɗi. Duk wanda zai fita sai ya ce in miƙo masa nasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne taubashina bai iya labari ba. Ya jingina da ginshiƙina ya yi ta ba su tarihin wani bijimi da aka kawo daga Achika, ƙahonsa kaza, tozonsa kaza, har mai shayi ya fara gyangyaɗi a tsaye. Ni kuwa na kama bakina. Na ajiye girman kai, kullum da yamma ina wurin Bazazzagi ina ɗaukar darasi.

Na ce ya koya mini hanyar ramin kamar yadda ake kwatanta wa baƙo ƙauye. Ya buɗe hoton wurin a wayarsa ya bi da ni. Filin nan mai duhu, wai masana teku suke ce masa, alhali ko ɗigon ruwa babu. Narkakken dutse ne ya malalo tun zamanin da ba wanda ya sani, ya cika kwari ya daskare, shi ya sa ya kwanta kamar fadama. A gefen filin akwai wani babban tsohon rami da bakinsa ya cinye, ɓari guda ma narkakken dutsen ya shanye shi, sai ya zama kamar kufan gida da katanga ta rage rabi. Daga nan ake tashi. Sai ka bi wani dogon tudu siriri mai lanƙwasa, kamar kunyar gona da aka yi da garmar shanu maras saiti. Inda kunyar ta ƙare, ka ɗan karkata dama, ga ramina. A ƙasa da shi akwai wasu 'yan mitsi-mitsi guda biyu kamar 'ya'yansa, can gaba kuma wani siririn tsagi kamar busasshen rafi.

Na tambaye shi yadda aka yi bakinsa bai zube ba, mu da rijiya in ba a ɗaure ta ba damina biyu ta rufta. Ya ce can ba ruwan sama, ba iska. Abin da ke cin baki sai dai wasu duwatsun da ke faɗowa a hankali a hankali, shi ya sa mai kaifin baki yaro ne a cikinsu, ko da yake yaron nan ya girmi duk wani kakan da za mu iya ambata. Na ce lallai can ne ya dace da mai sana'ata, ka yi aiki sau ɗaya ba mai dawo maka da ƙorafi.

Har gwaji na yi. Na kwashe tokar murhu na cika faranti, na hau turmi ina sako tsakuwa. Rami ya fito da ɗan bakinsa da watsattsiyar toka kewaye. Mai ɗakina ta fito ta same ni a kan turmi, fuska duk toka, ta tsaya ta ce, "Inna lillahi. Malam, in kira yaran ne?"

Ban taɓa jiran tsayuwar wata irin wannan karon ba, ko na sallah. Da ya tsaya na fara bin sa da madubi kowace magariba, ina koyon saitawa da kaina, don watan ba ya tsayawa, kana kallo yana zamewa gefe sai ka bi shi a hankali. Iyakar haske tana matsowa dare bayan dare. Tsohon kufan ya fito. Kunyar ta fito. Sai wani dare na ga wani ɗan zobe na haske yana shawagi cikin duhu, bakin ramina ne rana ta fara taɓawa, cikinsa da kewayensa duk ba su waye ba. Na ce wa malamin gobe ne. Ya duba ya ce, "Gobe ne, Baba."

Na san ko da kuka na roƙe su ba za su sake zuwa ƙofar gidana ba. Don haka ana sallame magariba na saɓo bututun a kafaɗa kamar jariri, malamin yana biye da ƙafafun, muka dire a gaban majalisa.

Taubashina ya ce, "A'a, an dawo da kashin tsuntsun?"

Ban kula shi ba. Na kafa, na saita da hannuna, na tashi daga kufai, na bi kunya, na karkata dama. Yana nan zaune, rabi fari rabi baƙi, ya fi ranar farko kyau. Na miƙe na gyara hula.

Na ce, "Jama'a, kowa ya zo ya duba. Ban da mutum ɗaya. Wancan bawan nawa ba zai sa ido a nan ba, idonsa na ƙirga haƙoran shanu ne."

Taubashina ya ce, "Wa ya roƙe ka?"

Ladan ne ya fara, don ya fi kowa son ganin ƙwaƙwaf. Na ce ya rufe ido ɗaya, kada ya riƙe bututun. Ya sunkuya ya sa ido. Sai na ji ya ce, "Subhanallahi." Ya ɗago ya kalli watan da ido, ya koma ya sake sunkuyawa. "Subhanallahi. Malam, ai rami ne. Ga bakinsa. Ga inuwa a ciki!"

Mai shayi ya ture shi. "Kai! Akushi ne wallahi, an cinye tuwon." Wani ya ce ya ga 'ya'yan biyu. Wani ya ce shi kunyar ta fi ba shi mamaki, wa ya yi huɗa a can? Ni kuwa ina tsaye ina bayani kamar a gonar ubana abin yake, narkakken dutse, hantsin wata, dutsen da ya faɗo. In na karkace malamin ya ɗan yi tari, in gyara. Masu wucewa suka tsaya, layi ya kai bakin titi. Ba wanda ya ce in kawo guga.

Taubashina yana jikin ginshiƙi shi kaɗai, yana kaɗa cokali a kofin da ba komai. Ya yi tari. Ya miƙe kamar zai gyara zama. Ya zagayo ta bayan mutane yana kallon wani wajen, har ya iso kusa.

Na ce, "Ina zuwa?"

Ya ce, "Matsa, ɓarawon tuwo. Don kada a cuci jama'a zan duba."

"Sai ka ce ubangidana, don Allah."

Majalisa ta ɗauka, "Faɗi! Faɗi!" Ya faɗa ta cikin gemu, na ce ban ji ba, ya maimaita da ƙarfi. Na sake saita masa, don watan ya zame, na dafa ƙeyarsa na kai idonsa wurin.

Na zaci zai yi wata tsiyar. Bai yi ba. Ya daɗe a sunkuye har na ji tausayin bayansa. Da ya ce abin ya gudu, na dawo masa da shi, ya ci gaba da kallo. Sai da ladan ya tuna da aikinsa ya ruga ya kira lisha a makare, sa'annan taubashina ya ɗago. Ya je ya ɗauke buzunsa daga jikin ginshiƙi ya mayar bakin tabarma.

Bayan an idar da salla muna laluben takalma a ƙofar masallaci, na ga nawa a hannunsa. Ya ajiye mini su a gabana, ya tsaya yana kallon watan da ya karkata yamma. Ya yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ni.

Ya ce, "Wai ni kam, sauran labaran nan da ka sha ba mu, guda nawa ne gaskiya muka ƙi yarda?"